Lasisi ya fito, da wane babban babur zan fara a Kano?

Nura: Assalamu alaikum 'yan uwa. Alhamdu lillahi, lasisina na babur, rukunin A, ya fito. Na jima ina hawan Boksa tsakanin gidanmu a Ɗorayi da shagonmu a Kwari, amma raina ya daɗe a kan manyan baburan nan masu ƙasa-ƙasa da ake ce wa kuruza, waɗanda mutum ke zama a sake, ƙafafunsa a gaba. Gudu ba ya gabana. Abin da nake so babur ne da zan je kasuwa da shi kullum, ran Lahadi kuma in leƙa Tiga ko in je Zariya wajen 'yan uwa ba tare da bayana ya ƙage ba. Na tara abin da ya sawwaƙa, kuma an nuna mini guda uku: Honda Shadow 750 ta 2006, Yamaha Drag Star 650, da Honda Rebel 500 wadda ta fi su tsada nesa ba kusa ba. Ba ni da tsawo sosai, ba ni kuma da jiki. Don Allah waɗanda suka riga mu a harkar su ba ni shawara.

Sadik: Wa'alaikumus salam. Barka da arziki, Allah ya tsare. Ba sai an yi dogon zance ba, ka ɗauki Shadow. Ita nake hawa. Inji mai silinda biyu a tsaye kamar harafin V, ruwa ke sanyaya shi, kuma ta 2006, samfurin Aero, ba sarƙa gare ta ba, shaf ne, wato sandar ƙarfe a rufe ce ke juya tayar baya. Ba ruwanka da shafa mai, ba ruwanka da ɗaure sarƙa, ba ruwanka da ƙurar hunturu da ke cinye haƙoran sufuraket. Kujerarta ba ta kai santimita 70 daga ƙasa ba, ƙafafunka duka biyu za su taka ƙasa sosai. Ga murya.

Mubarak: Yaya Nura, in za ka yi abu ka yi shi gaba ɗaya. Ka ƙara haƙuri ka cika kuɗi ka sayi Harley 883. Duk wanda ya sayi 500 wata shida yake yi ya raina ta, ya dawo yana neman mai saye.

Malam Habu bakanike: Salamu alaikum. Nura, kafin a kai ga sunan babur, ina da tambaya uku. A ina zai kwana? Lungunku mota na shiga? Ƙofar da za ka shigar da shi tana da tudu?

Nura: Malam, a soro zai kwana. Lungun Adaidaita na shiga da ƙyar. Akwai kwata a bakin ƙofa, mun ɗora mata siminti, sannan dokin ƙofar yana da ɗan tudu. Boksa ɗaga gabanta nake yi in tura.

Malam Habu bakanike: To ka ji inda maganar take. Boksarka kilo ɗari da 'yan kai ce. Shadow ɗin da Sadik yake yabo, da mai da ruwa a cikinta, tana kaiwa wajen kilo 250. Drag Star ma ta haura 230. Harley 883 ta ɗan ɗara Shadow nauyi. Rebel 500 kuwa wajen 190 take. Wannan bambancin na kilo 60 ba a jin sa a kan titin Zariya, babur in yana tafiya shi ke ɗaukar kansa. Inda ake jin sa shi ne da daddare, ka dawo a gajiye, an ɗauke wuta, kana son ka juya shi a cikin lungu ƙafarka ɗaya a gefen kwata. Babu giyar baya. Da ƙirjinka da cinyarka za ka ja shi. Baburan da ake kawo mini da karyayyen hannun kuloci, da lotsattsen tanki, da madubi a fashe, yawancinsu ba a guje suka faɗi ba. A tsaye suka faɗi, a ƙofar gida ko a gidan mai.

Abu na biyu, tsakanin cikin babur da ƙasa. Waɗannan baburan an yi su ne don shimfiɗaɗɗen titi. Shadow da Rebel duk tazararsu da ƙasa ba ta wuce santimita 13 zuwa 14 ba. Ka auna tudun ƙofarku da ma'auni, kada ka auna da ido. Ka kuma tuna tudun rage gudu da mutanen unguwa ke yi da kansu, wanda babu wanda ya auna shi.

Sadik: Malam Habu, da girmanka, amma nauyin nan ana sabawa da shi. Nauyin Shadow a ƙasa yake, ba a sama ba. Da zarar ta motsa sai ka ji kamar ba komai. Kuma nauyin ne ke sa in tirela ta wuce ka a hanyar Kwanar Ɗangora ba za ka ji iska ta ɗebe ka ba.

Malam Habu bakanike: Gaskiya ne, ana sabawa. Amma kai gidanka da get, kana shiga a kai ka fito a kai. Shi soro gare shi.

Baban Walid: Ni Rebel 500 nake hawa, bari in faɗi abin da na sani a kanta, daɗinta da wahalarta. Mubarak ya ce za a raina ta. Mutane suna kallon lambar da ke jikin babur su ɗauka ita ce ƙarfinsa. Injin Rebel 471cc ne, amma dokinsa, wato ma'aunin ƙarfin inji, wajen 46 ne. Shadow 750 dokinta wajen 45. Drag Star 650 wajen 40. Wato ƙaramar cikinsu ba ta gaza su ƙarfi ba, ga shi ta fi su sauƙin nauyi, ga giya shida, su kuwa biyar. Abin da Shadow ta fi ta shi ne ja daga ƙasa, kana sakin kuloci tana tafiya ba sai ka murɗa sosai ba, da kuma faɗin kujera.

Wahalarta: tankinta lita 11 ne da ɗan ɗori, don haka a doguwar tafiya idonka na kan gidan mai. Kujerarta siririya ce, kafin ka isa Zariya za ka so ka sauka ka miƙe. Shakazobar baya ba ta da tafiya mai yawa, in ka faɗa rami har cikin ƙugunka za ka ji. Sarƙa gare ta, kuma a hunturu sai ka riƙa wanke ta kana sa mata mai a kai a kai. Daɗinta kuwa, a cunkoson Kwari ko Bata da yamma tana kutsawa kusan yadda Boksa ke yi, kuma tayoyinta ba su da tiyub. In ƙusa ta shiga, mai faci zai cusa maka roba ka wuce. Shadow ta 2006 wili mai waya gare ta, da tiyub a ciki. In ta yi faci a baya sai an kwance salansa ko an yi dabara kafin a zare tayar daga shaf. Ka yi tunanin hakan a ƙauye bayan la'asar.

Sadik: Wannan na yarda, facin baya aiki ne. Amma sau nawa ake yin sa?

Baban Walid: A titin da ake watsar da ƙusoshin katako da guntayen waya? Ya danganta da inda kake bi. Shi Kwari yake zuwa.

Abba daga Ingila: Barkanku da gida. Ina so in ƙara wani abu a kan maganar Mubarak. A nan Ingila sabon mahayi ba ya tashi ya hau duk abin da kuɗinsa ya saya. Akwai lasisin da ake kira A2, daga shekara 19, wanda bai yarda ka hau babur da ya wuce kilowat 35 ba, wato doki 47. Sai ka yi shekara biyu a kansa ka sake gwaji, ko kuma ka kai shekara 24, sannan a sake maka. Rebel 500 an ƙera ta ne daidai wannan iyakar. A gida lasisin rukunin A bai raba ƙaramin babur da babba ba, wanda ya yi gwaji da roba-roba yana iya hawa 1800 washegari. Tunda doka ba ta sa maka iyaka ba, kai za ka sa wa kanka. Ni a ganina duk ukun da aka nuna maka ƙarfinsu ya yi wa mai farawa daidai, don haka rigimar ba ta ƙarfi ba ce, ta nauyi ce da ta kayan gyara.

Akwai kuma Kawasaki Vulcan S 650, in ka ci karo da ita. Ana iya matsar da matakin ƙafarta gaba ko baya, a canja kujera da kan, don ta dace da gajere ko dogo. Sai dai injinta na Ninja 650 ne, dokinsa wajen 60, tana da zafin tashi. Ga wanda hannunsa ya saba murɗe totur ɗin Boksa har ƙarshe, sai an yi hattara.

Mubarak: To ni dai har yanzu ban ji aibin Harley ba banda nauyi.

Malam Habu bakanike: Ba aibi gare ta ba, ɗana, wuri gare ta. Injin 883 iska ke sanyaya shi, haka ma Drag Star. Iska kuwa sai ana tafiya ake samunta. Ka ɗauki watan Afrilu, zafi ya haura 40, ka tsaya a cunkoson Kurna ko na 'Yankura, Adaidaita gaba Adaidaita baya. Silindar gaba tana ɗan samun iska, ta baya tana ɓoye a tsakanin cinyoyinka, ita ke fara gasuwa, kai ma kana gasuwa tare da ita. Baƙin mai ya tsinke, inji ya fara ƙara. Ba wai nan take zai mutu ba, an yi su da juriya, amma kullum aka yi haka ana rage masa kwana. Mai ruwa kuwa yana da lagireto da fanka, in zafi ya kai sai fanka ta tashi.

Sannan yawancin kusoshin Harley da inci aka auna su, ba da milimita ba. Bakaniken bakin titi zai sa mata sifana mai lamba 13 a inda ake son rabin inci, ya murje kan noti. Kayan gyaranta kuma, bel ɗin da ke juya tayar baya kaɗai in tsakuwa ta huda shi, sai ka yi odar sa ka zauna jira. Wanda yake da mota a gida, babur na ran hutu ne, wannan ya saya. Wanda zai je kasuwa da shi gobe da safe, a'a.

Nura: Malam, to a wajen kayan gyara, tsakanin ukun nan wacce ta fi sauƙi a nan Kano?

Malam Habu bakanike: Kada ka sa rai za ka shiga Fagge ko Ƙofar Ruwa ka ce a ba ka kayan ɗaya daga cikinsu a miƙo maka kamar na Boksa ko Jincheng. Abin da ake samu a kusa shi ne fulogi, batir, baƙin mai, wani lokaci filtar mai, domin filtar Honda ɗaya tana shiga babura da yawa. Sauran daga Legas ne ko daga waje. Rebel tana da wata fa'ida: injinta ɗaya da na CB500 da CBR500, kuma har yanzu ana ƙera su, don haka kayanta sababbi suna nan a duniya. Shadow da Drag Star an yi su da yawa shekara da shekaru, kayansu na hannu ba sa wuya a waje, kuma kafireto gare su, wanda duk tsohon bakanike zai kwance ya wanke. Rebel injekta ce, wato na'ura ke fesa mai a inji maimakon kafireto. Injekta ba ta son dattin mai ko kaɗan. In kana shan man 'yan bumburutu a galan, famfon da ke cikin tanki zai gaya maka.

Taya ita ce babbar magana, kuma ba wanda ya tambaya. Kafin ka biya kuɗin kowane babur, ka karanta lambar tayarsa ta gaba da ta baya, ka kira masu sayarwa ka ji ko akwai, da nawa. Na ga babur lafiyayye ya yi watanni a jingine saboda tayar baya.

Alhaji Ɗanlami: Assalamu alaikum. Na karanta duk abin da kuka rubuta, Allah ya yi muku albarka. Ni na hau babur tun ana yayin Honda Benly da Vespa a garin nan, kuma har yau ban daina ba. Nura, ɗana, zan kawo abin da ba a ambata ba. Me ya sa sai 500 ko 750? Akwai Bajaj Avenger 220, akwai Royal Enfield Meteor 350. Zamansu irin wanda kake so ne, ƙafa a gaba, baya a sake. Mutanen Indiya suka yi su, ƙasa mai zafi da ƙura da ramuka da cunkoso irin namu, shi ya sa tazararsu da ƙasa ta kai wajen santimita 17. Avenger ba ta kai kilo 170 ba. Meteor dokinta 20 ne, tankinta lita 15, za ta kai ka Zariya ba ka waiwayi gidan mai ba. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, duk mai hawa kullum ya san abin da tanki ke ci a wata. Babur mai silinda biyu zai sha ninkin abin da Boksarka ke sha, ko fiye. Ka yi wannan lissafin da alƙalami kafin sha'awa ta yi maka shi.

Sadik: Baba Alhaji, Allah ya ƙara girma. Amma 220 ai bai fita daga ƙananan babura ba. Mutum ya tara kuɗi shekara da shekaru don ya hau babba, a ce ya koma Bajaj? A babban titi in kana son ka wuce tirela, ƙarfi shi ne tsaronka. Da 220 za ka daɗe a gefenta kana addu'a.

Alhaji Ɗanlami: Wannan magana ce mai kyau, Sadik, ban musa ba. Wuce doguwar mota yana son ƙarfi. Amma shi ya ce kwana shida a cikin gari, kwana ɗaya a hanya. Ni da za a bi tawa, a saya wa kwana shidan.

Baban Walid: Baba, ni a nan na ɗan saɓa maka. Avenger da Meteor ba su yawaita a nan ba, kuma in ya tashi sayarwa zai daɗe bai samu mai so ba. Honda kuwa ko yaushe tana da masu nema. Sayen nagari mai da kuɗi gida.

Maman Ilham: Salamu alaikum. Ku yi haƙuri in shigo, maigidana ne mai babur, ni ma'aikaciyar jinya ce. Tun ɗazu ana lissafin inji da taya, ban ji wanda ya sa kuɗin hular kwano a cikin kuɗin babur ba. Malam Nura, abin da ka tara, ka fara cire na hula mai rufe fuska har haɓa, da safar hannu, da riga mai kariya a kafaɗa da gwiwar hannu, da takalmi mai rufe idon sawu. Abin da ya rage shi ne kuɗin babur ɗinka. Mu muke karɓar waɗanda aka kwaso daga titi. Karaya ana kai ta asibitin ƙashi na Dala a gyara, ko a daɗe. Kai in ya bugu, sau da yawa ba a mayar da mutum yadda yake. Kuma na roƙe ka, ban da silifas, ban da babbar riga mai jan ƙasa. Na ga abin da sarƙa da wili ke yi wa bakin riga da gyale, na ga ƙunar salansa a ƙauri.

Kun tuna a farkon 2009 da hukumar kiyaye haɗurra ta tilasta sa hula, wasu 'yan acaba a garin nan ƙoƙo suka riƙa kifawa a kai. An yi ta dariya a lokacin. Har yau ba mu ɗauki hula da muhimmanci ba, sai ka ga mutum a kan babur na miliyoyi da hular zanna.

Mubarak: Anti, zafin Kano fa? Rigar nan a watan Afrilu ai ba ta sawuwa.

Maman Ilham: Akwai mai raga-raga da iska ke ratsawa, don ƙasashe masu zafi aka yi ta. Maigidana ita yake sawa. Gumi ana wanke shi, ƙanena.

Alhaji Ɗanlami: Allah ya saka miki da alheri, 'yata. Ka ji wannan, Nura, ta fi duk abin da muka faɗa.

Nura: Na ji, Anti, na gode, kuma zan yi yadda kika ce. Wannan ya sa Rebel ta ƙara yi mini nisa, domin in na cire kuɗin kayan kariya da na takardu, abin da ya rage bai kai ta ba sai na sayar da Boksa.

Malam Habu bakanike: Kada ka sayar da Boksa. Ko wacce ka saya, ka bar ta. Ranar da babban ke jiran kaya daga Legas, ita za ta kai ka kasuwa. Ranar da aka yi ruwan Agusta titi ya cika, ita za ka fitar, domin kuruza ƙasa take, salansarta da wayoyinta ba su da nisa da ruwa, kuma ba ta da kik. Batir in ya mutu, turin kilo 250 ba wasa ba ne.

Abba daga Ingila: Wani abu game da hannu, tunda daga Boksa za ka taso. Masu ƙananan babura a gida sun saba da birkin ƙafa kaɗai, wasu ma kwance na gaba suke yi wai yana kayar da mutum. A babban babur mafi yawan tsayawa daga birkin gaba take zuwa. Shadow ta 2006 birkin bayanta ma na ganga ne, ba faifai ba, in ka dogara da shi kaɗai a guje ba za ka tsaya inda kake so ba. Ana matsa na gaba ne a hankali, a ƙara, ba a cafke shi ba. Amma in kana juyawa a hankali, kan babur a karkace, a nan kada ka taɓa na gaba, da na baya da kuloci ake yi, in ba haka ba nan take zai kwanta. Giya kuma ɗaya ƙasa ce, sauran sama, firi tana tsakanin ta ɗaya da ta biyu. Ka samu fili da sassafe ka yi ta juyi da tsayawa har hannunka ya manta da Boksa, kafin ka shiga gadar Dangi da yamma. Wasu Rebel ɗin suna da ABS, wato birkin da ba ya kulle taya. In wadda aka nuna maka tana da shi, a kan titi mai yashi wannan kaɗai ya isa a ƙara kuɗi dominsa.

Sadik: Kuma ka koyi ɗaga shi in ya faɗi. Ba a sunkuyawa a ɗaga da baya. Ka kashe inji, ka sa giya, ka juya masa baya, ƙugunka a jikin kujera, hannu ɗaya a kan, ɗaya a ƙarfen baya, ka tura da ƙafafu. Da haka ko mara jiki yana tayar da Shadow. Shi ya sa nake cewa nauyin bai kai yadda ake tsorata shi ba.

Baban Walid: A kan siminti mai faɗi, e. A lungu mai kwata, da jama'a tsaye suna jira su wuce, wani abu ne daban.

Alhaji Ɗanlami: Ku bar wannan haka, kowa ya faɗi gaskiyarsa. Nura, maganar takardu. Babur ɗin da aka shigo da shi daga waje, ko ta Legas ko ta Kwatano, ka ga takardar kwastam da idonka, ka gwada lambar da ke jikinta da wadda aka buga a wuyan babur da ta jikin inji. In wuri ya nuna alamar an goge ko an sake bugawa, ka tafi ko nawa aka rage maka. Ka yi rajista da sunanka, ka sa lamba, ka yi inshora. Babban babur ba ya ɓuya, duk inda ka bi ido na kanka, jami'an hanya za su tsayar da kai ko don su kalle shi. In takardunka sun cika, gaisawa za ku yi ka wuce. Sannan kada ka manta tun Janairun 2013, bayan harin da aka kai wa ayarin marigayi Sarki Ado Bayero, gwamnati ta hana acaba da goyo a cikin birni. In kana da niyyar ɗaukar iyali a baya, ka fara bincika matsayin dokar a inda za ka bi.

Abu na ƙarshe daga gare ni, ka gaya wa mahaifiyarka kafin ka saya, ba bayan ka saya ba. Ka nuna mata hular. Addu'arta tana cikin kayan kariya.

Nura: In sha Allah, Baba. Ta san da maganar, sharaɗinta ɗaya, ban da tafiyar dare a babbar hanya, kuma na karɓa. Yanzu dai na cire Drag Star saboda maganar zafi, tunda a cunkoso zan fi zama. Saura Shadow da Rebel. Zuciyata tana wajen Shadow, ba zan ɓoye ba, tun ina yaro irin surarta nake so. Amma na fita yanzu na auna ƙofar soronmu da tef. Faɗinta ya ɗara mita ɗaya da kaɗan, tudun dokin ƙofar kuma santimita 15.

Malam Habu bakanike: To ko wacce ka saya sai ka yi gangara ta siminti ciki da waje, mai tsawo, domin santimita 15 ya fi tazarar dukansu biyu, kuma dogon babur cikinsa ke fara taɓawa in gaba ya hau baya bai hau ba. Kan Shadow kuma ya haura santimita 90 a faɗi, ga madubai. Za ta shiga, amma a miƙe sak, ba wurin kuskure. Rebel ta fi ta tsukewa da kusan faɗin tafin hannu.

Sadik: Nura, ka zo ran Asabar da safe ka hau tawa a fili, ka tura ta baya, ka juya ta. In ka ji ta fi ƙarfinka ni da kaina zan ce ka bar ta.

Baban Walid: Ni ma zan kawo tawa, ka gwada su a jere. Ka zo da hula, ba zan ba ka makulli ba sai da ita.

Mubarak: Ni ma zan zo in gani. Amma ina nan a kan bakana, wata rana sai ka nemi babba.

Alhaji Ɗanlami: In ya nema a lokacin hannunsa ya nuna, Mubarak, sai ya saya.

Malam Habu bakanike: In kun gama gwajin, kafin ka je wajen mai sayarwa ka kira ni mu tafi tare. Ka gaya masa kada ya tayar da injin kafin mu zo, a sanyi nake son in ji tashinsa, domin inji mai ɗumi yana ɓoye ciwonsa. Zan taɓa salansa da hannuna in tabbatar. Za mu leƙa cikin tanki da tocila mu ga ko akwai tsatsa, baburan da suka daɗe a ajiye a waje ko a jirgin ruwa suna yin ta. Za mu buɗe murfin lagireto mu ga ruwan, in ruwan rijiya aka zuba za ka ga ja-ja kamar ƙasa. Za mu jira fanka ta tashi da kanta. Za mu auna cajin batir inji na aiki, domin abin da ke daidaita wuta yana yawan ƙonewa a zafi. A gefen taya akwai lamba huɗu, biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. Taya tana iya zama da zanenta cif amma ta shekara goma, ta bushe, irin wannan canja ta za a yi, kuma daga kuɗin babur za a cire. A Shadow zan duba ko shaf na yoyon mai, a Rebel zan duba sarƙa da haƙoranta. Kowacce ka ɗauka, ranar farko za mu juye baƙin mai mu sa na babur, mai alamar JASO MA a jikin galan, ba na mota ba, domin kulocinsu a cikin mai yake kuma man mota yana sa shi santsi. Ka taho da tef ɗin da ka auna ƙofa da shi, mu auna kan da madubai a wurin.

Nura: To Malam, Allah ya kai mu Asabar. Sadik, Baban Walid, ƙarfe nawa, kuma a wane fili?

Sadik: Bakwai na safe, kafin rana ta yi zafi. Zan turo maka wurin ta waya.